Suna ko mallaka: fashin baƙi kan rayuwar Lucille Ball da inda kuɗin 'yan fim ke tafiya

Me ya sa jarumar da duniya ta san fuskarta, wadda har gobe ake haska fina-finanta, take iya tsufa hannu babu komai, alhali wata da suka taso lokaci guda ta mutu ta bar dukiya mai yawa? Tambayar ta sake tasowa a shekarar 2023, lokacin da 'yan wasan fim da na talabijin a Amurka suka shafe kwana 118 suna yajin aiki, mutane da dama kuma suka riƙa mamakin abin da zai sa masu kuɗi irin taurarin Hollywood su fito kan titi ɗauke da kwalaye. Irinta ce ake yi a wajenmu duk sa'ad da wata tsohuwar jarumar Kannywood ta fito ta bayyana halin da take ciki, sai jama'a su rabu biyu, wasu su ce furodusoshi sun ci amanarta, wasu su ce ita ce ba ta yi tanadi ba. Amsar ta fi kusa da abin da aka rubuta a takardar yarjejeniya fiye da halin kowa daga cikinsu, kuma babu rayuwar da ta nuna haka a fili kamar ta Lucille Ball, 'yar wasan barkwancin da ta mamaye talabijin ɗin Amurka a shekarun 1950.

Wace ce Lucille Ball kafin talabijin?

An haife ta a ranar 6 ga Agusta, 1911, a garin Jamestown da ke jihar New York. Mahaifinta ma'aikacin jan wayar tarho ne, kuma zazzaɓin taifot ya kashe shi tana da shekara 3, saboda haka mahaifiyarta da kakanninta na wajen uwa ne suka riƙe ta. Tana da shekara 15 ta shiga wata makarantar koyon wasan kwaikwayo a birnin New York, inda ta zauna tare da Bette Davis, wadda daga baya ta zama babbar tauraruwar fim, amma malaman makarantar suka yanke cewa ba ta da baiwar wannan aiki. Ta koma tallan tufafi, daga baya hotonta ya fito a tallan sigari, har a 1933 aka ɗauke ta zuwa Hollywood cikin jerin 'yan matan da ake jerawa a bayan jarumi don ƙawata fim.

Kusan shekara 18 ta yi a fim kafin ta shiga talabijin, ta fito a fina-finan da suka haura 50, akasarinsu a kamfanin RKO, sannan MGM, inda aka rina mata gashi ya koma ja, launin da aka san ta da shi har ta mutu. Duk da haka ba ta taɓa shiga sahun farko ba. A wancan zamani gidan sinima kan nuna fim biyu da tikiti ɗaya, wato babban fim mai manyan taurari da kuma ƙarami mai arha wanda ake cike lokaci da shi, kuma a wannan rukuni na biyu ta yi fice har ake kiranta sarauniyarsa. Kirari ne mai ɗaci, domin ma'anarsa ita ce kowa ya yarda ta iya aiki amma babu wanda ya yarda a zuba mata manyan kuɗi.

Yadda tsarin kamfanonin fim yake a lokacin

Sai an fahimci wannan tsari kafin a fahimci sauran labarin. Daga shekarun 1920 zuwa ƙarshen 1940, manyan kamfanoni biyar, wato MGM da Paramount da Warner Bros. da 20th Century Fox da RKO, su ne ke shirya fim, su rarraba shi, su kuma nuna shi a gidajen sinima mallakarsu. Ɗan wasa kuwa ma'aikaci ne mai albashin mako, yana sa hannu a yarjejeniyar shekara 7 wadda kamfani ke da ikon sokewa bayan kowane wata 6, shi kuma ba shi da wannan iko. Kamfani ne ke zaɓa masa fim, ya sauya masa suna idan ya ga dama, ya ba da aronsa ga wani kamfani ya riƙe ribar. Idan ya ƙi fitowa a wani fim sai a dakatar da shi ba albashi, a kuma ƙara kwanakin dakatarwar a ƙarshen yarjejeniyarsa. Wannan ƙarin ne jaruma Olivia de Havilland ta kai ƙarar Warner Bros. a kansa, kotun Kalifoniya ta ba ta gaskiya a 1944.

Abin lura a nan shi ne, ko sau nawa aka sake nuna fim, ɗan wasa ba shi da ko sisi bayan albashin da ya karɓa a makonnin ɗauka. Ga mata kuma akwai ƙarin matsala, domin jarumi namiji kan kai shekara 55 yana fitowa a matsayin saurayi, amma mace da zarar ta doshi 40 sai a fara miƙo mata rawar uwa ko ta gwaggo, daga nan a daina kira.

Abubuwa biyu suka rushe tsarin kusan lokaci guda. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya tilasta wa kamfanonin rabuwa da gidajen sinimarsu, sannan talabijin ta shigo gidaje da gudu: a 1950 gida 9 cikin 100 ne ke da akwatin, amma zuwa 1960 an kusa gida 90 cikin 100. Kamfanoni suka fara sallamar 'yan wasan da suke biya albashi. Manyan taurari sun ɗauki talabijin a matsayin ƙasƙanci, saboda haka waɗanda suka fara tsallakawa su ne irin su Ball, waɗanda suna da gogewa amma ba su da abin da za su yi asara.

Yarjejeniyar 1951, inda komai ya juya

Tun 1948 Ball take gabatar da wani wasan barkwanci na mata da miji a rediyon CBS, kuma da ya karɓu sai gidan ya nemi a mayar da shi talabijin. Ta kafa sharaɗi ɗaya: mijinta na gaskiya, Desi Arnaz, shi ne zai fito a matsayin mijinta. Arnaz mawaƙi ne kuma shugaban makaɗa ɗan asalin Kyuba, sun yi aure a 1940, kuma yawon kiɗa ya sa ba ya zama a gida, abin da ke neman kashe auren. Shugabannin CBS sun ƙi, suna cewa masu kallo ba za su karɓi Ba'amurkiya da miji mai karyayyen Turanci ba. Sai ma'auratan suka kafa kamfaninsu a 1950, suka haɗa sunayensu biyu suka kira shi Desilu, suka zagaya gidajen wasa suna yin barkwancin a gaban jama'a har aka ga cewa mutane na dariya kuma babu wanda ya tashi ya fita.

Matsala ta biyu ta fasaha ce, kuma a cikinta dukiyar ta ɓuya. A lokacin, yawancin shirye-shiryen talabijin kai-tsaye ake yin su daga New York. Garuruwan da ke nesa kuwa kwafi ake aika musu, wanda ake samu ta hanyar kafa kyamarar fim a gaban allon talabijin tana ɗaukar abin da ake nunawa, hoton ya fito dishi-dishi. Kamfanin sigari na Philip Morris, wanda ya ɗauki nauyin shirin, ya ce tunda mafi yawan masu kallo suna gabashin ƙasar, ba zai yarda a ba su wannan hoto mara kyau ba, don haka dole ma'auratan su koma New York. Su kuma sun ƙi barin Los Angeles, ga shi Ball na ɗauke da cikin 'yarsu ta fari.

Arnaz ya kawo mafita: a ɗauki shirin a kan zaren fim irin na sinima, a aika wa kowace tasha kwafi mai kyau. CBS da mai ɗaukar nauyi suka ce hakan ya yi tsada. Sai ma'auratan suka amince a rage albashinsu su biyu daga dala 5,000 a mako zuwa dala 4,000, bisa sharaɗin cewa zaren fim ɗin, bayan an nuna shi, ya zama mallakar Desilu. CBS ta amince cikin sauƙi, domin a tunanin masu talabijin na lokacin, shirin da aka riga aka kalla ya zama jaridar jiya. Bambancin da ke tsakanin albashi da wannan sharaɗi shi ne bambancin da ke tsakanin mai ƙwadago a gona da mai gonar: na farko yana karɓar kuɗinsa da yamma ya tafi, na biyu kuwa duk shekarar da aka yi girbi nasa ne.

Aka ɗauko Karl Freund, tsohon mai ɗaukar hoto da ya yi suna tun a sinimar Jamus kuma ya taɓa cin kyautar Oscar, ya tsara fitilun da ke haska dandalin gaba ɗaya daga sama, ta yadda kyamara uku za su riƙa ɗauka lokaci guda ba tare da an tsaya sauya haske ba. Aka kafa benaye na zama a cikin ɗakin ɗaukar, mutum kusan 300 suna kallo suna dariya, ana yin wasan daga farko zuwa ƙarshe kamar a dandali. Shirin, mai suna I Love Lucy, ya fara fita a ranar 15 ga Oktoba, 1951, lokacin Ball tana da shekara 40 cif.

Ana yawan cewa su ne suka ƙirƙiro ɗauka da kyamara uku, wasu ma su ce su suka ƙirƙiro maimaici, wato sake haska shirin da aka riga aka nuna. Wannan zuzutawa ce. Akwai waɗanda suka riga su ɗaukar shiri a zaren fim, akwai kuma waɗanda suka riga su amfani da kyamara fiye da ɗaya. Abin da suka yi shi ne haɗa zaren sinima da kyamara uku da 'yan kallo a wuri ɗaya kowane mako, suka kuma nuna cewa akwai riba a ciki, shi ya sa har yau wasannin barkwancin Amurka da dama suke bin wannan tsari.

Me ya sa shirin ya karɓu haka?

Ball ta fito a matsayin matar gida mai ƙulla dabaru don ta shiga harkar waƙa da rawa irin ta mijinta, dabarun kuma kullum su juye mata. Ƙarfinta yana fuska da jiki. A wani kashi da ya fi shahara, ita da ƙawarta sun sami aikin naɗe alewar cakulan a masana'anta, injin yana turo alewar a kan bel, ana ƙara masa gudu, hannayensu suka kasa, sai suka shiga cusa alewar a baki da cikin hula da cikin riga don kada mai duba aiki ta gani. Mai kallo zai ɗauka wauta ce ta nan take, amma kwanaki ake yi ana bita, kuma ita kanta ta sha faɗa cewa marubutanta, Jess Oppenheimer da Madelyn Pugh da Bob Carroll Jr., su ne ke rubuta mata kowane motsi.

Shirin ya yi kashi 180 cikin zango 6, ya zo na ɗaya a yawan masu kallo a zango 4, kuma yana na ɗayan aka tsayar da shi a 1957. Da Ball ta sami ciki na biyu, aka shigar da cikin a labarin, abin da CBS ta ji tsoronsa har sai da aka sa limaman Katolika da na Furotesta da na Yahudawa suna duba rubutun. A ranar 19 ga Janairu, 1953, ranar da ta haifi ɗanta a asibiti, aka nuna kashin da ta haihu a cikin wasan, mutum kusan miliyan 44 suka kalla, adadin da ya zarce na waɗanda suka kalli rantsar da Shugaba Eisenhower washegari. A hutun jegon nan ne aka sake haska tsofaffin kashi don cike gurbi, aka ga jama'a sun zauna sun kalla kamar sabo. Daga nan masu talabijin suka gane abin da suka bayar a banza.

Haɗarin da ya kusa rushe komai

A watan Satumban 1953, lokacin da ake farautar masu ra'ayin gurguzu a Amurka, aka fallasa cewa a 1936 Ball ta yi rajistar zaɓe a ƙarƙashin jam'iyyar Kwaminis. Ta bayyana wa mai binciken kwamitin majalisar wakilai cewa ta yi haka ne don ta faranta wa kakanta, Fred Hunt, mai ra'ayin 'yan ƙwadago, kuma cikin kwanaki aka wanke ta. Ya kamata a kwatanta wannan da abin da ya sami wasu. An kori jaruma Jean Muir daga wani shiri a 1950 saboda kawai sunanta ya fito a wani ɗan littafin zargi, shi kuwa ɗan wasa Philip Loeb ya rasa aikinsa, ya kashe kansa a 1955. A ganina, abin da ya ceci Ball ya wuce gamsuwa da bayaninta: miliyoyin dalolin CBS da na Philip Morris suna rataye a wuyanta, saboda haka masu ƙarfi suna da dalilin tsaya mata, waɗancan kuwa sauya su ya fi arha.

Daga jaruma zuwa shugabar kamfani

Wajen ƙarshen shirin, CBS ta dawo ta sayi zaren da ta bari a baya kan kuɗin da ya haura dala miliyan 4. Da wannan ƙarfi Desilu ta sayi ɗakunan ɗaukar fim na RKO a 1957 kan kusan dala miliyan 6, wato harabar da Ball ta yi shekaru tana karɓar albashin mako a cikinta. Auren kuwa bai tsira ba, shan giyar Arnaz da neman matansa suka kai su ga rabuwa a 1960. A 1962 ta saye hannun jarinsa, ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban kamfanin shirya fina-finan talabijin a Hollywood.

A nan ma akwai saɓani tsakanin masu rubuta tarihinta. Wasu na nuna ta a matsayin gwanar kasuwanci mai hangen nesa, suna kafa hujja da cewa a ƙarƙashinta kamfanin ya fitar da shirye-shiryen talabijin Star Trek da Mission: Impossible a 1966, duk da fargabar wasu 'yan hukumar gudanarwa cewa tsadarsu za ta karya kamfanin. Wasu kuma na cewa Arnaz ne ƙwaƙwalwar kasuwancin, ita kujerar ta faɗo mata ne kuma ba ta taɓa jin daɗinta ba. Kowane ɓangare yana da abin riƙewa. Dabarar 1951 ta Arnaz ce, kuma rashin adalci ne a ƙwace masa ita don a ƙawata labarin mace jaruma. Amma babu dabarar da za ta yi aiki ba tare da fuskar da mutum miliyan 40 ke son gani ba, kuma ita ce ta riƙe kamfanin shekara 5, ta sayar da shi ga kamfanin Gulf+Western a 1967 kan dala miliyan 17. Ta ci gaba da wasa a talabijin har 1974, yunƙurin dawowarta a 1986 bai yi nasara ba, ta rasu a ranar 26 ga Afrilu, 1989, tana da shekara 77.

To sauran 'yan wasan fa?

Vivian Vance da William Frawley, waɗanda suka fito a matsayin maƙwabta a kusan kowane kashi, ma'aikatan Desilu ne, ba su da kaso a mallakar shirin. Wannan shi ne halin mafi yawan 'yan wasa, kuma su abin da suke da shi kawai shi ne kuɗin maimaici, wato ɗan abin da ake biyan ɗan wasa duk lokacin da aka sake nuna aikinsa. Ƙungiyar 'yan wasa ta SAG ta fara samo shi a talabijin a 1952, amma a farkon lamari yana ƙarewa bayan an maimaita shiri 'yan lokuta, sai a shekarun 1970 aka cire wannan iyaka. Shi ya sa jaruma Dawn Wells, wadda aka shafe sama da shekara 50 ana haska shirinta na shekarun 1960, sai da aka buɗe mata asusun neman taimako a intanet a 2018. Jaruma Audrey Meadows kuwa ta sa an rubuta mata kuɗin maimaici a yarjejeniyarta tun a shekarun 1950, ta ci moriyarsa har ƙarshen rayuwarta.

Fina-finan sinima sun fi muni. A yajin aikin 1960, wanda Ronald Reagan ya jagoranta a matsayin shugaban ƙungiyar, an cimma cewa za a biya kuɗin maimaici kan fina-finan da aka yi daga 1960 zuwa gaba idan an nuna su a talabijin, na baya kuwa aka yafe, aka karɓi sama da dala miliyan 2 a dunƙule don kafa asusun fansho da lafiya. Ma'ana, duk jarumar da ta yi ƙuruciyarta a fim tsakanin 1930 da 1959, har da Ball kanta, ba ta da komai a kan waɗannan fina-finai komai yawan haska su. Wasu tsofaffin taurari sun mutu suna ganin an sayar da su da arha, wasu kuma na cewa ba don asusun ba da ƙananan 'yan wasa sun tsufa babu magani.

Abin da ya haɗa wannan da rikicin yau

Tsarin maimaici ya ginu ne a kan abin da ake iya ƙirgawa: tasha kaza ta nuna shiri sau kaza. Da manhajojin kallo irin su Netflix suka zo, shiri yana zaune a wuri ɗaya ana kallonsa dare da rana, kafin yajin 2023 kamfani ne kaɗai ya san adadin masu kallo, ɗan wasa kuma yana karɓar ƙayyadadden abu ko shirin ya karɓu ko bai karɓu ba. Ƙungiyar 'yan wasan, wadda yanzu ake kira SAG-AFTRA, mai mambobi kusan 160,000 ta bayyana a 2023 cewa mafi yawansu ba sa samun dala 26,470 a shekara, kuɗin da ake buƙata a lokacin kafin mutum ya shiga inshorar lafiyar ƙungiyar. Waɗannan ne suka fi yawa a kan titi, taurarin da aka gani a labarai rakiya suka yi. Yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yajin ta tanadi ƙarin kuɗi ga shirye-shiryen da suka sami masu kallo da yawa, ta kuma wajabta neman izinin ɗan wasa da biyansa kafin a yi amfani da kwamfuta a ƙirƙiri siffarsa ko muryarsa.

Ga ɗan wasan da ke aiki a inda babu ƙungiya mai ƙarfi, kuma ake sallamarsa a wurin ɗauka ba tare da takarda ba, matsayinsa ya fi kama da na jarumar RKO a 1938 fiye da na mamban ƙungiyar Amurka a yau: idan fim ɗin ya koma tashar tauraron ɗan'adam ko YouTube, kuɗin na wanda ya mallake shi ne. Ita ma mallakar tana da nata lissafin lokacin sayarwa. Ball da Arnaz sun karɓi abin da ya haura dala miliyan 4 suna ganin sun yi babban ciniki, amma a 2012 shugaban CBS na lokacin ya shaida wa masu zuba jari cewa shirin yana kawo wa kamfanin kusan dala miliyan 20 a kowace shekara, shekara 55 bayan an ɗauki kashinsa na ƙarshe.